Kwantirolar motar ɗaga kaya ta mutu: gyara, ta hannu, ta dila ko ta gama-gari?

Shinkafa ta canza aikin sito a Jihar Kebbi. Tun daga watan Nuwamban 2015 da aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoma rance a Birnin Kebbi, kamfanonin casa sun ƙaru, manya irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, da matsakaita da ƙanana a sauran garuruwa. Tirela guda tana cin buhu 600 mai kilo 50, tan 30 ke nan. Mai loda irin wannan kaya kullum ya san amfanin motar ɗaga kaya, wadda ke ɗaga su da cokulan ƙarfe a gabanta, kuma a rufaffen sito da ake ajiye abinci mai batir ta fi mai dizal dacewa, tunda ba ta hayaƙi.

Ranar da aka murɗa makulli motar ta ƙi motsi, bakanike ya leƙa ya ce, "Alhaji, birenbos ce ta tafi," ranar ake shiga tsaka mai wuya. Abin da yake nufi shi ne kwantirola, akwatin alminiyon ɗin nan da ke tsakanin batir da moton lantarki. Ita ke karɓar umarnin totur, ta auna wa moto wutar da zai sha, ta tsayar da komai idan ta ga haɗari. Bayan batir, kusan babu abin da ya kai ta tsada a ɓangaren lantarkin motar.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: a gyara tsohuwar, a sayi ta hannu, a sayi sabuwa daga dilan motar, ko a ɗaura ta gama-gari mai arha. Kowacce tana da inda ta dace. Sai dai farashin akwatin ba shi ne babbar tambaya ba. Abin da ke cinye kuɗin mutane abu biyu ne: canza kwantirolar da lafiyarta ƙalau, da ɗaura wata ba tare da an gano abin da ya kashe ta farko ba.

Kafin a kashe ko kwabo, a tabbatar ta mutu

Kwantirola ita ke kawo rahoton laifi, shi ya sa ake yawan ɗora mata laifin. Ka fara da karanta abin da take faɗa. A samfurin kamfanin Curtis na moton AC, irin 1232E, 1234E, 1236E da 1238E, akwai ƙananan fitilu biyu, ja da rawaya. Ja ta ƙifta sau ɗaya, sai rawaya ta ƙirga lamba ta farko. Ja ta ƙifta sau biyu, sai rawaya ta ƙirga ta biyu. Lambobin da aka fi gani a sito, yawancinsu ba mutuwar kwantirola suke nufi ba:

- 14: kafasitocin ciki, masu ajiye wuta, sun kasa cika kafin babbar kwantakta, makullin da ke haɗa batir da kwantirola, ta rufe. Sau da yawa wani ne ya jona fitila ko fanka ko oda a kan B+ na kwantirola, wato inda wayar + ta batir ke shiga, abin yana zuƙe wutar.
- 17 da 23: wutar batir ta faɗi.
- 22: farantin sanyaya ya wuce digiri 85, an rage ƙarfi. Idan ya wuce 95 sai 16 ta fito, motar ta tsaya cak.
- 36: enkoda, na'urar da ke ƙirga juyin moto, ko wayarta.
- 38 da 39: bakin babbar kwantakta ya manne, ko ya ƙi rufewa.
- 41 da 42: siginar totur ta fita daga iyaka.
- 47: direba ya taka totur ko ya sa giya kafin ya zauna ko kafin ya kunna makulli.

Zapi, ta ƙasar Italiya, takan rubuta nata a allo, kamar VACC NOT OK idan siginar totur ba ta koma sifili ba, ko INCORRECT START idan an saɓa tsarin tayarwa.

Sai batir, kuma a auna shi yana cikin aiki. Batirin ruwa mai 48V sel 24 ne, kowanne 2V, kuma idan ya cika ya huta yana nuna 50V zuwa 51V. Wannan bai isa shaida ba. A sa mita a kansa, a ɗaga cokulan motar har ƙarshe a ɗan riƙe, a ga yadda wutar ke faɗuwa, sannan a bi sel-sel. Wanda ya faɗi ƙasa da 'yan'uwansa sosai shi ne mai cutar. Ma'aunin kaurin ruwan batir yana nuna wajen 1.28 a cikakken sel, kuma bambancin 0.05 tsakanin sel da sel alama ce ta matsala. A duba filogin batir, ko robarsa ta narke ko ƙarfensa ya yi baƙi. A auna wutar da ke ɓacewa tsakanin bakin kwantakta biyu lokacin da motar ke ja: ya kamata ta zama kusan sifili. Rabin volt a kan amfiya 200 wat 100 ne na zafi a wuri ɗan mitsitsi.

Idan duk wannan lafiya, sai a gwada kwantirolar kanta. A sauke cokula ƙasa, a ɗage tayoyin ja daga ƙasa a kan katako mai ƙwari, a cire filogin batir, a cire zobe da agogo. Kafasitocin ciki suna riƙe wuta bayan an cire batir, don haka a sauke ta da ƙwan fitila ko koyil na kwantakta tsakanin B+ da B-, ba da sukudireba ba, a tabbatar da mita. A kwance wayoyin moto uku, U da V da W. A sa mita a gwajin dayod: jan tsinke a kan U, baƙi a kan B+, haka V, haka W. Sannan jan a kan B-, baƙin a kan kowanne daga cikin ukun. Karatu shida za a samu, su yi kusa da juna, wajen 0.4V zuwa 0.5V. Wanda ya nuna kusan sifili, MOSFET na wannan layin, ƙananan makullan lantarkin da ke sakar wa moto wuta, sun haɗe, kwantirola ta mutu da gaske.

Daga nan tambaya ta biyu ta taso: me ya kashe ta? A auna moto tsakanin U da V, V da W, W da U, su zo daidai. A auna ko wuta tana zurara daga moto ko batir zuwa jikin motar, domin waɗannan motoci ba sa amfani da bodi a matsayin waya kamar motar fetur. Ƙurar da ta jiƙe da asid a saman batir takan buɗe wa wuta hanya zuwa bodi. Kada a taɓa sa na'urar gwajin insulashin mai 500V alhali kwantirola tana jone. A tambayi masu aiki, a natse ba da faɗa ba: an yi walda a jikin motar ba a cire filogin kwantirola ba? An jona caja a filogin mota maimakon na batir? An fizge filogin batir motar tana tafiya? An wanke ta da tiyo? An juya B+ da B-? Kowanne daga cikin waɗannan ya isa, kuma zai sake kashe wadda za a sa.

Ma'aunin da za a ɗora kowace hanya

Na farko, dacewa da motar. Moto iri uku ne a waɗannan motoci: tsohon DC mai kabon burushi wanda kwantirolarsa ke da B+, B-, M- da A2, DC mai filin maganaɗisu dabam, wanda za ka gane da F1 da F2, da AC mai waya uku. Kwantirolar wannan ba ta tuƙa wancan. Sai ƙarfin batir, 24V, 36V, 48V ko 80V. Sai amfiya, kuma a nan ake yaudarar mai saye. Adadin da ke jikin kwantirolar Curtis ta AC na minti biyu ne, abin da za ta jure na awa guda ya yi ƙasa da haka nesa. Sai na ƙarshe wanda ba a gani da ido, manhaja da saiti. Kamfanin da ya ƙera motar yakan zuba nasa shirin a ciki, wanda ke magana da allo da sitiyari da kwantirolar famfon hayidirolik ta layin CAN, wayoyi biyun da na'urorin motar ke aika wa juna saƙo ta cikinsu. Akwati biyu masu kama ɗaya da lamba kusan ɗaya, ɗaya ya tayar da motarka, ɗaya ya ƙi.

Na biyu kuɗi, amma gaba ɗayansa: akwatin, kuɗin mota daga Legas ko Kano, kuɗin mai saiti da masaukinsa, da kuɗin 'yan dako da za su maye gurbin motar duk ranar da take tsaye.

Na uku ƙarko a yanayinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka, kuma a daidai lokacin ne shinkafar rani ke shigowa, aiki ya yi yawa. Kafasito mai ruwa a ciki, duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Ƙurar hunturu da ta ɓuntu suna toshe haƙarƙarin farantin sanyaya da fanka, damina ta zo ta mayar da ƙurar laka mai ɗaukar wuta.

Na huɗu sauƙin ɗaurawa, wato wa zai yi saiti, da wace na'ura. Na biyar haɗari ga mutane. Motar da ke ɗauke da tan biyu a tsakanin jerin buhuna da ma'aikata, idan ta zabura da kanta, maganar ta wuce ta kuɗi.

Gyaran tsohuwar

Babbar fa'idarsa ita ce manhaja da saiti suna nan, in dai allon ƙwaƙwalwar bai ƙone ba. Ana dawo da ita a ɗaura, babu neman mai saiti. Shi ne kuma yawanci mafi arha. Lalacewar da ke gyaruwa da kyau su ne kafasitocin da suka kumbura, ƙaramin sashen da ke kunna koyil na kwantakta, fil ɗin soket da ya yi tsatsa ko ya karye, da dalmar da ta tsage saboda jijjiga.

Inda gyara ke ba da kunya shi ne MOSFET. A kowane layi ana jera su da yawa suna raba nauyin wuta. Idan biyu suka fashe, sauran sun sha wuya ko da mita ta nuna lafiyarsu. Mai gyaran da ya canza biyun kawai, ko ya sa masu wata lamba, ya bar layin ba daidaito: wanda ya fi saurin kunnuwa zai ɗauki kayan sauran, ya ƙone cikin 'yan kwanaki, sau da yawa a kan gangaren loda tirela. Gyara na gaskiya shi ne a canza layin gaba ɗaya da masu lamba ɗaya daga kwali ɗaya, a duba ƙananan resistocin ƙofarsu da guntun da ke tuƙa su, a sabunta man da ke kai zafi ga faranti, a mayar da abin da ke hana ruwa da ƙura shiga. Wasu tsofaffin kwantiroloji an toshe su da danƙo mai tauri, buɗe su kaɗai yakan ɓata allo.

Mai gyaran talabijin ko inbata yana iya zama gwani da dalma, amma ka tambaye shi abu uku. Da me zai gwada ta bayan gyara? Wanda ya ce a kan motarka zai gwada, to motarka ce teburin gwajinsa. Zai nuna maka kayan da ya cire? Garantin wata nawa zai bayar a rubuce? Idan allon ya ƙone har ya zama gawayi ko tagullar ta ɓaɓɓako, a haƙura, gawayi yana ɗaukar wuta, ba ya gyaruwa.

Ta hannu

Ana ciro su daga motocin da aka yanka a Turai ko Amurka ko Asiya, su biyo kwantena zuwa Legas, wasu su iso Kano da Kaduna. Kaya ne na asali, kuma farashinsu yana tsakanin gyara da sabuwa. Ga tsohuwar motar da kamfaninta ya daina yi mata kaya, wani lokaci wannan ce kaɗai hanyar samun mai manhaja daidai.

Sharaɗin shi ne lamba ta zo ɗaya har ƙarshe. Kada a tsaya a kan "1234 ce." Lambobin da ke bayan ɗan layin su ke nuna ƙarfin batir da amfiya da irin shirin da ke ciki, kuma sau da yawa akwai wata takarda ta kamfanin motar mai tata lambar. A ɗauki hoton duka takardun tsohuwar a tura, a nemi hoton wadda za a saya, a gwama harafi da harafi. Wadda aka ciro daga motar 36V, ko daga motar da enkodarta ke ba da bugu 64 a juyi guda alhali taka 80 take bayarwa, za ta iya kunnuwa amma motar ta riƙa karkarwa, ko ta ƙi ƙarfi, ko moto ya yi zafi. Haka na'urar auna zafin moto: KTY84 tana nuna wajen om 600 a zafin ɗaki, PT1000 wajen om 1,100. Idan saitin na wannan ne aka haɗa da waccan, kwantirola za ta rage ƙarfi moto yana sanyi, ko ta bar shi ya ƙone.

Abin da ba ka iya gani shi ne shekarunta. Kafasitocinta sun riga sun ci wani rabo na rayuwarsu, kuma sun zo ƙasar da ta fi inda suka fito zafi. Idan akwai na'urar saiti, a duba awannin aiki da tarihin laifukan da ke ajiye a ciki kafin a biya. A yi gwajin dayod ɗin nan a gaban mai kaya. A dubi sukurorin murfi, idan sun sha sukudireba to an taɓa buɗe ta, gyararriya ce ake sayar maka da sunan ta hannu. Kuma a yi yarjejeniyar mayarwa kafin kaya su hau mota, don daga kasuwar Ladipo ta Legas zuwa Birnin Kebbi ba tafiyar da za a yi sau biyu ba ce a kan gardama.

Sabuwa daga dilan motar

Ita ce mafi tsada, kuma farashinta yana bin dala. Idan babu ita a ƙasa, jira yana iya kai makonni. Abin da kake saye da wannan kuɗi shi ne a ba da lambar jikin motarka a kawo mai shirin da ya dace, da garanti, da kafasitoci sababbi, da duk matakan kariya yadda aka tsara su.

Ga wasu motoci ma babu zaɓi sosai. Manyan kamfanoni irin Toyota da Linde da Jungheinrich sukan yi amfani da kwantirola da manhajar bincike tasu ta kansu, sai mai kwamfutarsu ne zai shiga. Motocin Sin irin Heli da Hangcha sukan zo da Curtis ko Zapi, waɗanda masu saitinsu suka fi yawa. Ko a nan akwai mataki: na'urar saiti ta hannu ta Curtis, 1313, tana da matakin izini huɗu, daga na mai amfani har na kamfanin ƙera mota, kuma ta ƙaramin mataki ba ta buɗe duk saiti.

A lura da bambanci tsakanin sabuwa daga dilan motar da sabuwa ta asali daga mai sayar da kayan lantarki. Ta biyun Curtis ce ko Zapi ta gaske, amma tana iya zuwa da shirin gama-gari. Kafin ta yi aiki sai an zuba mata bayanan moto, an koya mata iyakar totur, an saita birki da gudu. A tambaya tun kafin a biya: da shirin motata za ta zo, ko fanko? Kuma garanti ba ya rufe wadda ruwa ya shiga ko aka juya mata waya.

Ta gama-gari mai arha

Kashi biyu ce, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai ta ƙananan kamfanoni masu sunansu da littafinsu. Akwai kuma jabu, mai ɗauke da suna da kamannin wani, musamman na samfurin 1204 da 1205 da aka daɗe ana kwaikwayo. Ta farko zaɓi ce da za a iya aunawa. Ta biyu, wanda ya yi ƙarya a kan suna ba za a yarda da amfiyar da ya rubuta ba.

A kan tsohuwar mota mai moton DC, wadda wayoyinta ba su wuce makulli da totur mai om 5,000 da kwantaktocin gaba da baya ba, ta gama-gari tana aiki, kuma ɗan riwaya mai natsuwa zai ɗaura ta a wuni guda. Haka ƙananan kekunan jan kaya da motocin zagaya fili. A zaɓi wadda amfiyarta ta ɗara ta tsohuwar da rata mai kyau, domin abin da ake rubutawa yawanci na 'yan daƙiƙu ne, kuma a tambayi abin da take jurewa na awa guda.

A kan motar AC mai layin CAN kuwa, ban ba da shawararta ba ko kaɗan. Allo zai daina nuna komai, kwantirolar famfo tana iya ƙin aiki tunda ba ta jin 'yar'uwarta, sai a fara yanke waya ana tsallake makullin kujera da na birki don motar ta motsa. Abin da ake zubarwa a nan shi ne kariyar da ke hana mota tashi idan totur yana take, da rage gudu a kwana ko idan kaya suna sama, da riƙe mota a kan gangara. Ranar da aka tsallake makullin kujera, an mayar da motar abin da zai iya tafiya ba kowa a kai. Ko a motar DC, a tabbatar sabuwar tana da kariyar totur, kuma tana yanke wuta idan wayar totur ta tsinke.

| Ma'auni | Gyara | Ta hannu | Sabuwa ta dila | Ta gama-gari |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farko | Mafi ƙanƙanta | Matsakaici | Mafi yawa | Kaɗan |
| Dacewa da manhaja | Tana nan | Sai lamba ta zo ɗaya | Tabbas | DC kawai |
| Ƙarko a zafi | Ya danganta da mai gyara | Ya danganta da shekarunta | Mafi kyau | Rauni, sai an ba da rata |
| Jira | Kwanaki | Kwanaki zuwa mako | Har makonni | Kwanaki |
| Buƙatar mai saiti | Babu | Sau da yawa | Dila ke yi | Ɗan riwaya a DC |
| Garanti | Gajere | Sai an yi sharaɗi | Akwai | Da wuya |
| Haɗari ga ma'aikata | Kaɗan in an gwada | Matsakaici | Mafi ƙanƙanta | Babba a motar AC |

Ɗaurawa, ko wacce aka zaɓa

Bayan kwantirola shi ne hanyar fitar zafinta. A goge wurin zamanta tas, ya zama shafaffe ba tsatsa, a shafa man kai zafi siriri kamar fatar albasa, ba a lafta ba. A ɗaure manyan wayoyi da ƙarfin da littafin ya faɗa: sako-sako yana kawo zafi, wuce kima yana fasa gindin ƙarfen daga ciki. Idan bakin kwantakta ya ci, a canza ta tare, kada a goge da fayil. A sa fis mai adadin da kamfani ya rubuta, ba wayar tagulla ba. A motar CAN, a kashe komai a auna tsakanin wayoyin layin biyu, om 60 ake nema. Idan aka ga 120, ɗaya daga cikin resistocin ƙarshen layi babu, wataƙila yana cikin tsohuwar kwantirola ne ba a kunna na sabuwar ba. Gwajin farko a yi shi tayoyi suna sama.

Wanda ya koma batirin litiyom ya sani cewa sel 16 masu 3.2V suna ba da 51.2V, suna kai 58.4V a cike. Dole a gyara iyakokin wuta a saiti. Idan na'urar kula da batirin ta yanke daidai lokacin da moto ke mayar da wuta wajen birki, wutar ba ta da inda za ta, sai ta hau kan kwantirola. Batirin kuma wani ɓangare ne na nauyin da ke hana motar kifewa, akwai mafi ƙarancin nauyinsa a rubuce a farantin motar.

Bayan haka sai busa ƙura da busasshiyar iska mara ƙarfi duk mako, a lokacin casa ma fiye da haka, da duba fanka, da ƙara tataccen ruwan batir bayan caji ba kafinsa ba.

Wa ya kamata ya bi wace

Mai mota guda ɗaya ta AC wadda shekarunta ba su yi nisa ba, kuma lodin tirela ya dogara da ita, ya sayi ta dila. Tsohuwar kuma kada a jefar, a kai ta gyara a natse ta zama ta ajiya.

Kamfanin da ke da motoci uku ko fiye iri ɗaya ya fi kowa samun sauƙi. Ya sayi na'urar saiti, ya kwafi saitin kowace mota tun tana lafiya ya adana, ya ajiye kwantirola guda a sito kafin shinkafar rani ta fara shigowa. A wurinsa ta hannu mai lamba daidai zaɓi ne mai kyau, tunda yana da motar da zai gwada ta da saitin da zai zuba mata.

Wanda gwajin dayod ya nuna masa MOSFET lafiya, laifin yana kafasito ko soket ko sashen kwantakta, ya yi gyara ko da yana da kuɗin sabuwa. Wanda layi guda ya haɗe amma allo bai ƙone ba, gyara yana yiwuwa in ya sami mai canza layin duka da teburin gwaji. In bai samu ba, ya nemi ta hannu.

Mai tsohuwar motar DC da ke aikin awa biyu ko uku a rana a ɗan sito a Jega ko Yauri ko Kamba, ta gama-gari mai suna da littafi ta ishe shi, da sharaɗin ratar amfiya da kariyar totur. Kafin ya saya ya buɗe moto ya dubi kabon da inda yake gogawa, domin moton da ke tartsatsi shi ne ya fi kashe irin wannan kwantirola.

Motar da batirinta ya ƙare, motonta yana zurarar da wuta, ga kwantirola ta mutu, a haɗa kuɗin ukun wuri ɗaya a gwama da farashin wata motar ta hannu mai lafiya. Idan za a sayi watan, a zaɓi wadda ke da kwantirola irin ta sauran motocin da ke sito, ko irin wadda ake da mai saitinta a Sakkwato ko Kaduna ko Kano.